KARATU A ƘASASHEN WAJE: FITA, KOYO DA KOMOWA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɗaukaka ɗan Adam da ilmi, Ya kuma sanya ilmin nan amana a wuyansa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwana Musulmi, dalilin wannan wa'azi shi ne wani abu da ya faru da ni. Wata rana bayan sallar Asuba wani dattijo maƙwabcina ya tsare ni a ƙofar masallaci da takarda a hannu. Ya ce, "Malam, duba mini wannan." Na duba, sai na ga takardar shiga wata jami'a ce a ƙasar waje, da sunan ɗansa mai shekara 17. Ya riga ya sayar da gona. Na ce, "Baba, me yaron zai karanta?" Ya ce shi dai an ce digiri ne. Na ce, "Gwamnatinmu ta yarda da makarantar?" Ya ce ai ejan ɗin ya ce komai ya kammala. Na ce, "In ya sauka daga jirgi, wa zai karɓe shi?" Sai ya yi shiru.

To, jama'a, wannan dattijo mutumin kirki ne, ƙaunar ɗansa ce ta sa ya rabu da gonarsa. Irinsa kuwa suna da yawa a cikinmu. Akuya za mu saya sai mun buɗe bakinta mun duba haƙora, amma ɗanmu na cikinmu muna miƙa shi ga wanda ba mu sani ba, zuwa ƙasar da ba mu sani ba, don karatun da ba mu san sunansa ba. Saboda haka lalle ne mu san abin da shari'a ta ɗora mana a wannan babi.

ASALIN AL'AMARIN

Da farko, kada wani ya fita daga nan ya ce Malam ya haramta karatu a waje. Tafiya don neman ilmi aikin annabawa ne da magabata na gari. A cikin Suratul Kahfi Allah Ya ba mu labarin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yadda ya ɗauki guzuri ya yi tafiya har ya gaji, don ya koyi abin da wani bawan Allah ya sani shi bai sani ba. Sahabi Jabiru ɗan Abdullahi ya sayi raƙumi ya yi tafiyar wata guda zuwa Sham wurin Abdullahi ɗan Unaisu saboda hadisi ɗaya tak. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuwa iya shi cikin kamar rabin wata, ya zama shi ke karanta masa wasiƙunsu.

Mu ma a wannan yanki ba yau muka fara ba. Tun cikin ƙarni na 13 na Miladiyya mutanen Kanem suka kafa makarantar Malikiyya a Masar don ɗalibansu da mahajjatansu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi London a 1945 ya karanta aikin koyarwa, ya komo ya ci gaba da aikin ilmi a Bauci. Malam Abubakar Mahmud Gumi ya tafi Bakhtur Ruda a Sudan a 1954, ya komo ya koyar, ya zama Alƙalin Alƙalai na Jihar Arewa a 1962. Tun da aka buɗe Jami'ar Musulunci ta Madina a 1961 'ya'yanmu ke zuwa can.

Sai dai in ja hankalinku ga abu guda. Maganar nan da ake yawan kawowa a tarurruka game da neman ilmi a ƙasar Sin, ana jingina ta ga Annabi, malaman hadisi ba su inganta ta ba. Ibnul Jauzi ya saka ta cikin hadisan ƙarya. Mu daina jingina masa ita. Abin da ya inganta ya ishe mu.

Daga cikin abin da ya ishe mu akwai aya ta 122 ta Suratut Tauba. Ma'anarta, bisa ga fassarar wani sashe na malaman tafsiri, ita ce ba a son jama'a su fita gaba ɗaya, wasu ne daga kowace al'umma za su fita, su fahimci addini, sa'an nan su komo su gargaɗi mutanensu. Ayar tana magana a kan ilmin addini. Amma malamai sun bayyana cewa duk ilmin da rayuwar jama'a ba ta tsayuwa sai da shi farilla ne na kifaya, watau in wasu suka yi ya faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Imamul Gazali ya kawo likitanci da lissafi a matsayin misali, har ya yi kukan cewa a zamaninsa akan sami gari ba Musulmin likita ko ɗaya alhali kowa ya duƙufa kan mas'alolin saɓani. To ku lura da tsarin ayar: akwai fita, akwai koyo, akwai komowa. A kan waɗannan za mu yi magana ɗaya bayan ɗaya.

NA FARKO: FITA

Abin da za a fara dubawa shi ne niyya. Ya kai uba, tambayi zuciyarka tsakaninka da Allah: don yaro ya sami ilmi kake kai shi, ko don a ce ɗan Alhaji wane yana Ingila? Hadisi ya inganta a Sahihu Muslim cewa cikin mutanen farko da za a jefa a wuta akwai wanda ya yi karatu don a kira shi malami. In ilmin addini da aka nema don suna ya jawo wannan, ina ga digirin da aka nema don gasa da maƙwabci?

Sai kuma bukata. Ba mu musun cewa jami'o'inmu suna da matsala. A 2022 malaman jami'a sun yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur yara na zaune a gida. Ga ƙarancin gurbi, musamman a fannin likita. Wanda ya fita don wannan, ko don wani fanni mai zurfi da babu kayan aikinsa a nan, yana da uzuri. Amma abin da ake koyarwa a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, me ya sa za a ci bashi a kai yaro ƙetaren teku dominsa?

Sai bincike, kuma a nan ne aka fi cutar mu. A ƙarshen Disamba 2023 wani ɗan jarida na nan ƙasar ya fallasa yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, bai taɓa zama a aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da wannan takarda. A farkon Janairu 2024 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun Jamhuriyar Benin da Togo. A watan Agusta na 2024 ministan ilmi ya bayyana cewa fiye da mutum 22,000 ne ke yawo da takardun bogi daga ƙasashen nan biyu. Jama'a, cikinsu akwai wanda aka yaudara, akwai kuma wanda ya je da idonsa a buɗe. Wanda ya sayi takarda ya yi shaidar zur a kan kansa, shaidar zur kuwa tana cikin manyan zunubai. Duk albashin da zai karɓa da ita, a kan ƙarya aka gina shi. Manzon Allah ya taɓa sa hannu cikin tsibin hatsin wani ɗan kasuwa ya taɓo jiƙaƙƙe a ƙasa, ya barranta daga mai ha'inci. Wannan fa hatsi ne. Yaya wanda ya ɓoye jahilcinsa a ƙarƙashin takarda aka ba shi aji ya koyar, ko aka ba shi gini ya tsara?

Don haka kafin ka biya ko kwabo, ka je Ma'aikatar Ilmi ka tambaya ko an yarda da makarantar. In likitanci ne, ka sani duk wanda ya karanta shi a waje sai ya ci jarrabawar hukumar kula da aikin likita ta Nijeriya kafin a bar shi ya taɓa majinyaci. Ka nemi wanda ya gama a wannan makaranta ka ji daga bakinsa. Ejan ɗan kasuwa ne, kamashonsa yake nema. Tambaya ba ta warware tawakkali.

Sai kuɗi. A farkon Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Uban da ya yi lissafin shekara huɗu sai ya wayi gari kuɗinsa bai kai na shekara biyu ba. A watan Mayun 2024 mun ji yadda aka dakatar da wasu ɗalibanmu a wata jami'a a Ingila, aka ce su bar ƙasar, saboda sun kasa cika kuɗin makaranta. Wanda ba shi da abin da zai riƙe yaro har ya gama, ya haƙura, bai yi laifi ba. Laifi yana ga wanda ya ci bashin riba, ko ya sa aka zuba masa kuɗin aro a asusu na 'yan kwanaki don ya nuna wa masu ba da biza cewa nasa ne. Wannan ƙarya ce, ko da wanda aka yi wa ita ba Musulmi ba ne. Tafiyar neman ilmi ba a soma ta da riba da ƙarya a sa ran albarka.

Sai aminci. A ranar 24 ga Fabrairun 2022 Rasha ta afka wa Yukren, ɗalibanmu suka yi ta tafiyar ƙasa cikin tsananin sanyi zuwa iyakar Polan da Romaniya da Hangari. A ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na Ramadan, yaƙi ya ɓarke a Khartum. Yawancin ɗaliban da ke can 'ya'yan Arewa ne, mata da yawa a cikinsu. Wasu sun yi kwanaki a iyakar Masar cikin hamada kafin jirgin farko ya sauka Abuja ranar 3 ga Mayu. An kwaso fiye da mutum 2,000. Ba wanda ya san gaibu sai Allah, kuma Sudan ta yi mana alheri shekaru da yawa, muna roƙon Allah Ya kawo mata zaman lafiya. Darasin da ke ciki shi ne ɗalibi ya yi rajista da ofishin jakadancin ƙasarsa, fasfonsa ya kasance a hannunsa, ya riƙa karɓar sakamakon jarrabawarsa kowace shekara yana aikowa gida. Da yawa sun tsira da rai amma shaidar karatun shekaru ta tsaya a can.

NA BIYU: KOYO

Malamai sun yi magana a kan zama a ƙasar da ba ta Musulmi ba. Shaihu Ibnu Usaimin ya ambaci sharuɗɗa uku: mutum ya kasance da ilmin da zai tunkuɗe shubuha, da addinin da zai tsare shi daga son zuciya, sa'an nan ya zama yana da bukatar tafiyar. Mun yi magana a kan bukata. Sauran biyun su ne guzurin da iyaye ke mantawa.

Muna cika akwati da kilishi da kuka da yaji da rigunan sanyi. To ina guzurin zuciya? Yaron da har yau sai uwarsa ta buga ƙofa sau uku kafin ya tashi sallar Asuba, wa zai buga masa ƙofa a can? Ya san hukuncin wankan janaba? Ya san yadda ake shafa a kan huffi, da yadda ake gane alƙibla, da sallar matafiyi? A ƙasashen Turai Juma'a ranar aiki ce, lacca takan faɗo daidai lokacin huɗuba. In azumi ya zo a watan Yuni, a London yakan kai awa 18. Naman da ke kanti ba kowanne ne yankakke ba, akwai kuma kayan zaƙi da ake haɗawa da abin da aka tatso daga alade. A wurin liyafa za a miƙo masa giya da fara'a, ba wanda ya san ubansa a wurin. A aji kuma zai gamu da malami mai kaifin harshe wanda bai yarda akwai Mahalicci ba. Yaron da bai taɓa jin tambayar ba, balle amsarta, yakan ɗauka babu amsa. Shawarata ita ce, in ba larura ba, a bar yaro ya yi digirin farko a gida, hankalinsa ya nuna, ya zauna gaban malamai, sa'an nan ya fita don na biyu.

Ya kai ɗalibi, in ka isa, ka fara neman masallaci kafin ka nemi kasuwa. Ka shiga cikin 'yan'uwanka. Kamar yadda muke da ƙungiyar ɗalibai Musulmi a nan tun 1954, haka ɗalibai Musulmi suka kafa tasu a Ingila da Amurka tun 1963. Ka zaɓi abokin ɗaki kamar yadda kake zaɓen makaranta. Ka kuma yi koyi da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib da sahabban da suka zauna a Habasha ƙarƙashin sarki Kirista: ba su ɓoye addininsu ba, ba su kuma ci amanar ƙasar da ta ba su masauki ba. Biza alkawari ce. An ba ka izinin aiki na awa kaza, kada ka wuce. Kada ka yi auren ƙarya don takardar zama. Kada ka biya wani ya rubuta maka kundin bincike, ko ka sa kwamfuta ta rubuta ka ce kai ne. Kuma abin kirki da ka gani wurinsu, na cika lokaci da tsare layi da ƙwarewa a aiki, ka ɗauka, ai kayanmu ne da muka yar.

Kada wanda zai tafi ƙasar Musulmi ya ce wannan bai shafe shi ba. Shaiɗan ba ya neman biza. Mun ga wanda ya tafi ƙasar Larabawa ya lalace, mun ga wanda ya tafi Turai ya komo ya fi da riƙon addini.

Game da 'ya'yanmu mata, muna bukatar likitoci mata da ungozomomi bukata mai tsanani. Mu ne ke ƙorafi in namiji ya duba matanmu a asibiti, bai kamata kuma mu ne ke hana 'ya'yanmu karatun ba. Amma hadisai sun inganta a Buhari da Muslim a kan hana mace tafiya ba tare da muharrami ba. A tsara abin yadda ya dace: a fara neman gurbi a gida, in ya zama sai waje, muharrami ya kai ta, a tabbatar da amincin masaukinta, in da hali ta tafi da mijinta ko ɗan'uwanta. A tura ta kuma a manta da ita, sai kuɗi kawai ake aikawa, wannan sakaci ne da kiwon da Allah zai tambaya.

NA UKU: KOMOWA

A nan ne ayar ta ƙare, a nan ne kuma mu muke tsayawa rabin hanya. Gwamnatoci sun kashe dukiya mai yawa a wannan hanya. Jihar Kano ta tura ɗalibai 501 waje a 2012. Asusun TETFund ya daɗe yana tura malaman jami'a. Amma a 2023 shugaban asusun ya gaya wa majalisa cewa mutum 137 daga cikin waɗanda aka tura sun ƙi komowa, kuma daga 1 ga Janairun 2025 aka dakatar da tura sababbi waje, saboda tsadar kuɗi da kuma gudun da wasu ke yi. Kun ga yadda laifin wasu ya rufe ƙofa ga na bayansu.

Ya kai wanda aka kai da kuɗin jama'a, ka sa hannu a takarda cewa za ka komo ka yi aiki shekara kaza. Allah Ya buɗe Suratul Ma'ida da umurnin cika alkawari. Kuɗin nan haƙƙin mai tallan ƙosai ne da manomin da bai taɓa ganin filin jirgi ba. In ka ga ba za ka iya komowa ba, ka mayar da kuɗin. Wanda ya kai kansa da dukiyarsa hukuncinsa daban ne, amma shi ma akwai haƙƙin iyaye a kansa, akwai kuma haƙƙin 'ya'yan da zai haifa a can. An ruwaito cewa Shehu Usmanu bai bi Malam Jibrilu zuwa Hajji ba, ya juyo gida, saboda bai nemi izinin mahaifinsa ba. Yau uwa na kwance asibiti, ɗanta likita ne a wata ƙasa, sai dai ta gan shi ta waya.

Na sani za a ce, in mun komo ina aikin, ina kayan aikin? Gaskiya ne, kuma wannan nauyi ne a kan shugabanni. Wanda ya tura yara waje ya bar su ba kuɗin abinci har suna bara a ƙasar mutane, ko ya raba gurbin karatu ga 'ya'yan abokansa ya bar ɗan talaka mai ƙwazo, ko ya bar jami'ar garinsa ta ruɓe don nasa 'ya'yan ba a ciki suke ba, ya shirya amsa gaban Allah. Masu hali kuma su sani, ɗaukar nauyin ɗalibi guda ya zama likita sadaka ce mai gudana.

Kalma ta ƙarshe ga 'yan'uwana ɗaliban ilmin addini, ina kuma farawa da kaina. Shekara huɗu a jami'a mabuɗi ne kawai. Wanda ya komo daga Madina ko Alƙahira kada ya raina malamin zauren da ya koya masa alwala. Kada ya ɗauko rigimar wata ƙasa ya sauke mana a masallaci. Ya san halin mutanensa, ya yi musu magana da harshensu, ya fara da abin da ya fi muhimmanci. Haka wanda ya komo daga Turai, kada ya shigo gidan ubansa yana toshe hanci. Zangarniyar da ta cika ita ke sunkuyawa.

Shi kuwa dattijon da na ba ku labari, mun bincika tare, muka tarar makarantar ba ta cikin waɗanda aka yarda da su. Abin da ya riga ya ba ejan bai dawo ba. Sauran kuɗin gonar da su yaron ke karatu a nan gida. Duk wanda ke da irin wannan takarda a aljihu, ya tsaya ya yi tambaya tun kafin ya biya.

Ya Allah Ka tsare 'ya'yanmu da ke ƙasashen mutane, Ka tsare musu imaninsu da mutuncinsu, Ka buɗa musu karatu, Ka komo mana da su lafiya da abin da zai amfani jama'a. Ka saka wa iyaye da alheri, Ka shiryi shugabanninmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa.